Abin da Kifi Yake Ci: Lacca a kan Ƙwarin Gulbin Gagare da Bunsuru

 

Iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Sarakunan ruwa da masunta da kuka jingine homa da birgi kuka taho, sannunku da hanya. Malamai da ɗalibai, manoman fadama daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da iyayenmu mata masu suya da bandar kifi, ina gaishe ku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri.

An nemi in yi magana a kan ƙarancin kifi a gulabenmu. Kukan ba sabo ba ne. Duk wanda ya zauna da tsofaffin masunta ya ji suna cewa ƙurungu da ramboshi da giwan ruwa irin na da sai labari, abin da birgi yake fitowa da shi yanzu 'yan ƙanana ne. In aka tambayi dalili, amsa uku ake bayarwa: masu kamu sun yi yawa, ruwa ya ja baya, idon raga ya ƙanƙance. Duk gaskiya ne. Amma akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa ba, shi na zo da shi yau. Kifi a ruwa yake zaune, amma ba ruwa yake ci ba. Yana da abinci, kuma babban abincin 'ya'yan kifi da kifaye da yawa ƙwari ne da tsutsotsi da suke zaune a ƙasan ruwa, ƙarƙashin dutse, cikin laka, jikin saiwar ciyawa da ruɓaɓɓen itace. In waɗannan suka ƙare, ko an hana kowa jefa ƙugiya shekara goma, gulbi ba zai cika da kifi ba.

Da yawa daga cikin ƙwarin da muke gani suna shawagi a bakin gulbi da almuru, ko suna kewaye fitila da dare, a cikin ruwa suka yi kusan duk rayuwarsu. Uwa takan zuba ƙwai a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta yi makonni ko watanni tana kiwo a ƙasa, a ƙasashe masu sanyi ma har shekara biyu. Sa'annan wata rana ta hau saman ruwa, bayanta ya tsage, ƙwaro mai fiffike ya fito ya tashi.

Kowa ya san mazari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tsutsarsa mafarauciya ce a cikin ruwa, tana cin tsutsar sauro da duk abin da ta fi ƙarfi. Akwai wani ƙwaro mai laushin jiki, mai fiffike garai-garai da siraran jela biyu ko uku, wanda zan kira ɗan-kwana-ɗaya, domin bayan ya fito daga ruwa ba ya wuce sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. Ba shi ma da bakin cin abinci. Aikinsa kawai ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, su mutu. Akwai wata tsutsa mai gina wa kanta ɗaki da ƙwayoyin yashi da guntayen kara, tana ɗinke su da zaren da take fitarwa daga bakinta, tana yawo da ɗakinta. In kun ɗaga dutse a wurin da ruwa ke gudu kuka ga wani ɗan bututu manne da shi, ita ce. Sai kuma jar tsutsar nan ta cikin laka, wadda take zama ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo.

Su wa ke cin su? Kawara da nalanga suna tsinkar su a saman ruwa. Ƙurungu yana tonon su a ƙasa. Miligi, da dogon bakinsa da ya lanƙwasa ƙasa, an yi shi ne musamman don zaƙulo tsutsa daga laka da dare, kuma yana laluben ta ne da wata 'yar wutar lantarki mai rauni da jikinsa yake fitarwa. 'Ya'yan tarwaɗa da su suke girma. Tsage da giwan ruwa kuwa kawara da 'yan'uwanta suke ci, saboda haka su ma a ƙarshe ƙwaron ne ya ciyar da su. In muka fito tudu, tsattsewa da jemage da kwaɗo duk suna jiran ranar da ƙwari za su tashi.

A Afirka muna da namu ɗan-kwana-ɗaya da ya yi suna, masana suna kiransa Povilla adusta. Tsutsarsa tana huda itacen da ke cikin ruwa ta zauna ciki. Da aka tare kogin Volta a Gana, da kuma Kwara a Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya cinye suka zama masa gida, ya yaɗu, kifaye irin su kawara suka samu abinci. A tafkin Victoria an lura cewa yakan fito tari guda kwana biyu bayan wata ya cika. Ku duba wannan tsari: ƙwaro a ƙasan ruwa yana lissafi da wata. Akwai kuma wata tsutsa da aka gano a nan arewacin Najeriya, a 'yan ƙwarmin da ruwan sama yake taruwa a kan duwatsu, wadda wani masani ɗan Ingila mai suna Hinton ya bayyana a 1951 da sunan Polypedilum vanderplanki. In ruwan ya ƙafe sai ta bushe ƙayau, ta daina numfashi, ta daina motsi. In ruwa ya sauka, cikin kimanin awa ɗaya ta farfaɗo ta ci gaba da kiwo. An taɓa ajiye ta shekara 17 a bushe, aka zuba mata ruwa ta tashi. Masana a Japan suna nazarinta har yau. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halitta. Na kawo wannan ne don ku san halittun ruwanmu sun iya da rani, sun iya da fari. Abin da ba su iya da shi ba shi ne guba.

Yanzu bari in kai ku wata ƙasa, domin can aka fara ganin matsalar da ido.

A Ingila da Amurka da wasu ƙasashe masu sanyi akwai kifi da ake kira tirawut. Ruwa mai sanyi, mai tsabta, mai gudu yake so, shi ya sa ba mu da shi a nan. A Afirka ana samunsa a tsaunuka irin na Kenya da Lesotho da Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai shi. Yadda ake kama shi abin kallo ne. Mu in za mu yi fatsa, tana muke sa wa ƙugiya, ko gara, ko fara. Su kuwa sai su ɗauki gashin tsuntsu da gashin dabba da zare, su ɗaure a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da yake tashi daga ruwa a wannan lokaci. Sai a wurga ta da doguwar igiya ta sauka a hankali a kan ruwa, kifi ya zaci ƙwaro ne ya taso ya cafka. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan, kuma a ƙoramun kudancin Ingila irin su Test da Itchen abin ya zama ilimi mai zaman kansa.

To, wanda zai yaudari kifi da ƙwaron ƙarya dole ya san na gaskiya. Ya san wane ne yake fita a wane wata, da wane lokaci na yini, da launinsa, da girmansa. Da yawansu suna da littafin da suke rubuta abin da suka gani kowace fita, wasu ƙungiyoyin masu fatsa suna da irin wannan rubutu na shekaru masu yawa. Saboda haka da ƙwarin suka fara raguwa, masu fatsa ne suka fara kuka, tun kafin hukuma ta farga. Maraicen da a da ƙwaro yake rufe ruwa, kifi yana tsalle ko'ina, sai ya zama ruwa ya kwanta shiru. Ruwan kuma a ido garau yake, babu wari, babu mataccen kifi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan ko tsamin bai nuna ba.

Maimakon su tsaya ga kuka, sai suka shiga ƙidaya. A 2007 aka kafa wani shiri a Birtaniya inda masu fatsa da sauran 'yan sa-kai suke zuwa wuri ɗaya a ƙorama kowane wata, su tara 'yar raga, su motsa ƙasan ruwa da ƙafa na minti 3, su juye abin da ya shiga a faranti, su ƙirga rukunin halittu 8, su mayar da su ruwa. In adadi ya faɗi ƙasa da yadda aka saba, su kira hukumar muhalli. A watan Yuli na 2013 wannan ƙidaya ta nuna amfaninta a kogin Kennet, kusa da garin Marlborough. Masu ƙirga suka tarar ƙasan kogi ya zama kufai. Da aka bincika, sai aka ga maganin ƙwari ne mai suna chlorpyrifos ya shiga ruwa ta magudana. An ƙiyasta abin da ya zuba bai wuce ƙaramin cokali biyu ba, amma ya kashe ƙwarin ruwa a tsawon kimanin kilomita 15. Ina roƙon manoman da ke zauren nan su riƙe wannan a rai: cokali biyu, kilomita 15. Kuma wannan magani an daɗe ana sayar da shi a kasuwanninmu don gara da ƙwarin gona.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Jamus, wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta garin Krefeld ta yi shekara 27 tana kafa tarko a wurare 63 da aka keɓe don kare halitta, tana auna nauyin ƙwarin da suka faɗa. Da aka buga sakamakon a 2017, nauyin ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. A Amurka, ɗan-kwana-ɗaya yana tashi daga kogin Misisipi da tafkin Erie da yawan da na'urar hasashen yanayi take ganinsa kamar hadari. Tashi ɗaya yakan kai biliyan 88. Masana suka bi bayanan na'urar, suka buga a 2020 cewa a saman Misisipi ya ragu da fiye da rabi tsakanin 2012 da 2019, a yammacin Erie kuwa da kashi 84 cikin 100 tsakanin 2015 da 2019.

Amma labarin da ya fi kusa da mu daga Japan yake, kuma ina so mutanen Shinkafi su saurara da kyau, domin labarin shinkafa ne. Akwai tafki mai suna Shinji, kewaye da gonakin shinkafa, masunta suna cin abinci a cikinsa tun kaka da kakanni. A 1993 manoma suka fara amfani da wani sabon dangin maganin ƙwari da ake kira niyonikotinoyid. Maganin yana narkewa a ruwa, tsiro yana shanye shi, sauran kuma ya bi ruwan gona ya gangara. Cikin shekara guda ƙananan halittun ruwa da kifi yake ci suka ragu da kashi 83 cikin 100, jar tsutsar laka ita ma ta faɗi. Wani ƙaramin kifi da ake kama kimanin tan 240 a shekara ya koma kimanin tan 22, kuma bai farfaɗo ba. Wata masaniya mai suna Masumi Yamamuro da abokan aikinta suka buga wannan a mujallar Science a 2019. Abin lura, maganin bai kashe kifin kai tsaye ba. Babu wanda ya ga gawar kifi tana yawo a kan ruwa. Yunwa ce ta gama da shi. Tarayyar Turai ta hana amfani da iri uku na wannan dangin a fili tun 2018. A nan kuwa, wasu daga cikin garin maganin da muke cuɗanya iri da shi kafin shuka, da wasu na feshi, daga wannan dangin suke.

Mu dawo gida.

Gulbin Gagare ya biyo ta Ƙaura Namoda ya nufi arewa. Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina, inda ake kiran samansa Karaduwa, ya ratso ƙasar Zurmi. Ruwansu ne yake haɗuwa ya zama gulbin Rima, ya shiga madatsar Goronyo, ya sadu da gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu, ya faɗa Kwara. Ma'ana, abin da aka zuba a bakin gadar Ƙaura ba a Ƙaura yake tsayawa ba.

Gulabenmu na damina ne. Daga Yuni zuwa Satumba suna cika su malala cikin fadama, kifi ya bi ruwa ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su tarar da abinci jibge. In kaka ta wuce ruwa ya janye, zuwa tsakiyar rani sai yashi, da 'yan gurabe nan da can, da tafkuna da kududdufai a fadama. Gaiwa tana shiga laka ta rufe kanta har damina. Sauran kuwa, kifi da tsutsa da ƙwaro, duk a waɗannan 'yan gurabe suke fakewa. Gurbin rani shi ne rumbun iri na gulbi. Abin da ya tsira a cikinsa shi zai sake cika ruwa da damina. Manomi ko yunwa ta kai ina ba ya cinye irin shuka, in ya cinye kuwa ya san abin da ya jawo wa kansa.

A nan ne nake da magana mai zafi. Akwai masu zuwa gurbin rani su zuba guba, su kwashe kifin da ya taso. A da magimfa ake dakawa, shi ma ɓarna ne, amma ƙarfinsa yana gushewa cikin 'yan kwanaki. Da Gamalin ya zo, abin ya canza. Wannan magani, wanda sinadarinsa lindane ne, yana daɗewa a laka da jikin halitta, har ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin abubuwan da aka haramta a yarjejeniyar Stockholm a 2009. Yanzu kuma kowane irin maganin feshi aka samu ana tuttulawa. Mai yin haka ya samu kifin kwando ɗaya ko biyu, ya kashe duk abin da ke cikin gurbin har tsutsa da ƙwai, ya sayar wa iyayenmu mata kifi mai guba su soya wa yara, kuma a wannan ruwa makiyayi zai shayar da shanunsa. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba da abin fashewa da wutar lantarki. Addini ma ya riga doka: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ko yin bawali a ruwan da ba ya gudu, balle guba. Ni a wurina wannan ba sana'a ba ce, zalunci ne, kuma wanda ya sani ya yi shiru yana da kasonsa.

Sai dai mai zuba guba da gangan ɗaya ne cikin ɗari. Wanda ya fi yawa shi ne mutumin kirki da bai san yana ɓarna ba. Ya gama feshin wake ko tumatir ko albasa, ya sauko bakin ruwa da injin feshinsa, ya ɗauraye, ya tuttular da sauran, ya jefar da kwalba. Ko ya haɗa maganin a bakin ruwan tun farko, domin nan ne ruwa yake kusa. Ko ya yi feshi hadari na haɗuwa, ruwan sama ya wanke komai ya kai gulbi. Magungunan da aka fi fesa wa wake suna daga cikin mafi dafi ga ƙwarin ruwa da kifi, ɗan kaɗan ya isa. Ba na cewa a daina feshi. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san in ba a fesa ba, sai dai a tara harawa. Abin da nake cewa shi ne a nisanta shi da ruwa.

Sai laka da yashi. Mun sare itatuwan bakin gulbi, mun yi noma har gaɓa. Ruwan farko in ya sauka sai ya kwashe ƙasar gona ya zuba a gulbi, ta cike gurabe masu zurfi, ta toshe 'yan kafofin da ke tsakanin duwatsu inda tsutsa take zama, ta lulluɓe ƙwai ya shaƙe. A Ingila ma bincike ya nuna lallausar laka da sinadarin takin zamani suna kashe ƙwan ɗan-kwana-ɗaya. Tifofin ɗiban yashi kuma suna shiga tsakiyar gulbi da rani. Gini dole ne, amma ba kowane wuri ya kamata a haƙa ba.

Madatsun ruwa suna da nasu. An kammala Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, Zobe a kan Karaduwa a 1983, Goronyo a 1984. Wani masani mai suna William Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori, ya buga a 1985 cewa raguwar ambaliya ta rage noman fadama ta kuma rage kamun kifi. Dalilin a fili yake: in ruwa bai malala cikin fadama ba, babu wurin da kifi zai yi ƙwai, babu ciyawar da ƙwari za su hayayyafa. Ga kuma gidan sauro da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, wasu sun mayar da shi taru, yana kwashe komai har abin da ido bai gani sosai ba.

Ba zan yi kamar ban san halin da muke ciki ba. Mutumin Zurmi ko Shinkafi da bai iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, wanda aka sace ɗan'uwansa, wanda ya ga yadda aka rufe kasuwannin mako a 2021, yana da haƙƙin ya ce mini: malam, muna ta rai kana ta ƙwaro? Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amsata ita ce, rashin tsaron nan ya ƙara wa gulbi nauyi. Mutanen da aka kora daga ƙauyuka sun taru a manyan garuruwa, noma da kamu da ɗiban ruwa duk sun koma 'yan wuraren da ke kusa da gari. Kuma ga talaka da nama ya fi ƙarfin aljihunsa, ɗan busasshen kifin nan da ake jefawa a miyar kuka shi ne abin gina jikin 'ya'yansa. Ranar da zaman lafiya ya dawo, kuma zai dawo da yardar Allah, muna so mutane su tarar da ruwan da zai ciyar da su.

Wani kuma zai ce, in ƙwari sun mutu ai hutu ne, ga sauro ga zazzaɓi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa. Guba ba ta kashe su daidai wa daida. Ɗan-kwana-ɗaya da mai ɗakin yashi su suke fara mutuwa. Mazari da sauran masu cin tsutsar sauro suna daɗewa kafin su sake yawa. Sauro kuwa cikin mako ɗaya zuwa biyu ya sake haihuwa, kuma ya tarar babu mai cin 'ya'yansa. Bugu da ƙari, yawan haɗuwarsa da maganin gona yana daga cikin abin da yake sa ya saba da magani, har wanda ke jikin gidan sauro ya rage yi masa illa. A yammacin Kenya, wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa ruwan da maganin gona ya gurɓata ya fi yawan dodon koɗin da yake ɗauke da tsargiya, saboda shi yana jurewa, abokan gogayyarsa kuwa sun mutu. Duk wanda ya girma a bakin fadama ya san yaro mai fitsarin jini.

Akwai labari mai daɗi, kuma gaskiya ta wajabta in faɗe shi. Wani babban nazari da aka buga a 2020, wanda ya haɗa ƙidayoyi daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa yayin da ƙwarin tudu suke raguwa, na ruwa sun ƙaru a wurare da dama na Turai da Amurka, inda aka yi dokar tsabtace koguna aka kuma bi ta. Ƙwaro yana da fiffike, yana da yawan ƙwai. In aka daina kashe shi, yana dawowa da kansa, ba sai an kashe kuɗin sayo shi ba. Kuma kada wani ya ce sa ido a kan ƙwarin kogi aikin Turawa ne. Daga 1974 zuwa 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, daga Wagadugu, wanda ya kai ƙasashe 11, ciki har da Nijar da Gana da Mali. Jirage suna fesa magani a koguna kowane mako don kashe tsutsar baƙin ƙudan da yake yaɗa cutar. Amma an kafa kwamitin masana da yake bibiyar kifi da sauran ƙwarin ruwa, yana da ikon cewa wannan magani ya cika ɓarna, a canza shi ko a taƙaita shi. An ceci idanun mutane masu ɗimbin yawa, kogunan kuma ba su mutu ba.

To, me za mu yi a Gagare da Bunsuru?

Ga ɗalibai da malamai na fara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙaura Namoda tun 1983, gulbi kuma yana bayan gari. Kayan aikin ba su da tsada: rariya mai ƙaramin ido ko guntun gidan sauro da aka ɗinka a jikin waya, farin faranti, cokali, littafi da biro. A zaɓi wuri biyu ko uku kusa da gari, inda babu fargaba. A je wuri ɗaya, a yi aiki iri ɗaya, kowane wata muddin akwai ruwa. A motsa ƙasa minti 3, a ɗaga duwatsu a duba, a ƙirga, a rubuta, a ɗauki hoto da waya, a mayar da su. In faranti ya nuna mai jela uku da mai ɗakin yashi da tsutsar mazari, ruwa yana da lafiya. In babu komai sai jar tsutsa da dodon koɗi da tsutsar sauro, akwai abin da ya shiga ruwan, a bi sawu. Ƙidayar wata ɗaya ba ta faɗin komai, ta shekara biyar kuwa hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban kowane kwamishina, a kuma aika wa cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa. Malaman sakandare a Shinkafi da Zurmi da Moriki suna iya yin wannan da 'yan ajinsu. Kuma ɗalibai, kafin ku shiga ruwa, ku je ku durƙusa gaban tsofaffin masunta. Ku tambaye su sunan kowane ƙwaro da kowace tsutsa, da watan da take fita, da kifin da yake bin ta, da gurbin da a da ba ya ƙafewa. Ku rubuta da Hausa yadda suka faɗa. Abin da masu fatsar Ingila suka tara a takarda, namu suna da shi a ka, kuma suna tsufa.

Manoma, 'yan'uwana, abu kaɗan nake roƙo. Ku ɗebi ruwa a jarka ku haɗa magani a cikin gona, nesa da gaɓa. Ruwan ɗauraya a zuba shi a gonar da aka fesa. Kwalba a huda ta a binne a tudu, kada a jefa a ruwa, kada a ba yara su zuba mai ko ruwan sha. In hadari ya haɗu a haƙura da feshi. A bar 'yan taku na ciyawa da itace tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa. Masu sayar da magani a kasuwar Alhamis ta Shinkafi da sauran kasuwanni, ku riƙa faɗa wa mai saye wannan, domin maganarku ya fi ji a kan ta malamin gona.

Sarakunan ruwa, Allah ya ƙara muku girma, babban aikin a hannunku yake. Kakanninku suna da doka: akwai gurbin da ba a taɓawa sai ranar su, akwai lokacin da ba a shiga ruwa. Da irin wannan doka Argungu ta riƙe Matan Fada har duniya take zuwa kallo. Ina roƙon kowane Sarkin Ruwa, da goyon bayan hakiminsa, ya ware aƙalla gurbi ɗaya a yankinsa da ba za a shiga ba daga janyewar ruwa har faɗuwar damina, ba taru, ba gidan sauro, ba tifa, ba wankin injin feshi. Wanda kuma aka kama da guba a kai shi gaban hukuma, ko ɗan wane ne. Limamanmu su taimaka da huɗuba guda a kan haƙƙin ruwa kafin rani ya shiga.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakuna, in kun ba da umarni a kan gurbin nan ɗaya a kowace gunduma, a wannan ranin za a iya farawa.